Minti Uku ga Waya, Sakan Uku ga Faranti

Ranar Litinin da ƙarfe goma da minti goma sha biyu na safe intanet ya ɗauke a cibiyar jarrabawa, mutum arba'in da ɗaya suka rasa jarrabawarsu. Ungozomomi ne da ma'aikatan jinya masu neman takardar izinin aiki, wasunsu tun asuba suke kan hanya. Hukumar jarrabawar ba ta san wasa ba: in kwamfutarka ta yi minti biyu ba ta ji daga babbar kwamfutar hukuma ba, an rufe maka shafi, sai ka ɗauki jakarka. Layin kuwa ya haura minti biyun nan a mace.

Mai kula da na'urorin cibiyar wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu. Kowa Injiniya yake ce masa, duk da babu bangon da aka rataya takardarsa. Aji huɗu ya yi ya bar makaranta. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma ɗaura farantin talabijin a saman gidaje, daga nan ya faɗa jan wayar intanet. Duk abin da ya sani da hannu ya koye shi: ya taɓa, ya ɓata, ya gyara. Kuma ya iya, kada a ci masa haƙƙi.

Lokacin da abin ya faru yana ɗan ɗakin da ke bayan zauren, inda rauta take cikin akwatin ƙarfe, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanyar da zai bi ya fita. Hanya biyu cibiyar ke da ita, kamar yadda hukuma ta sharɗanta. Ɗaya waya ce ta ƙarƙashin ƙasa, ta wani babban kamfani. Ɗayar faranti ne a saman rufi, yana kallon dogon ƙarfen wani ƙaramin kamfani da ke bayan tashar mota. In ɗaya ta mutu, ɗaya ta ɗauka. Haka aka rubuta a takarda.

Guna-gunin zauren ya fara ji kafin ya ga komai. Ya dubi rauta, fitilunta duk kore, kamar ba abin da ya faru. Manajan cibiyar ya banko ƙofa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Injiniya, me ake ciki?"

"Yanzu za ta juya."

Ba ta juya ba. Da ya ga lokaci yana gudu, sai ya yi abin da hannunsa ya saba tun zamanin rediyo: ya zare wuta, ya mayar. Kafin ta gama farkawa ta kama faranti, shafuka arba'in da ɗaya sun rufe. Daga baya aka ji cewa katafilar da ke haƙa lambatu ce ta tsinke wayar a titi na biyu.

Yana fitowa wata ungozoma ta tare shi a baranda, mace mai jiki, ta girme shi ko kuma sa'arsa ce. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai ne injiniyan?"

"Ni ne."

"Shekara ashirin da biyu ina karɓar haihuwa ba takarda. Yau na zo in karɓi takardar, ina tambaya ta talatin da takwas. Ni dai ban taɓa ce wa mai naƙuda ta dakata in kashe in kunna ba."

Ta gyara jakarta ta wuce. 

Washegari hukuma ta turo mai bincike, wata siririyar mace mai tabarau wadda ba ta karɓi ko ruwan da aka ba ta ba. Ta zauna a ofishin manaja ta faɗi maganarta a taƙaice. Tsinkewar waya ba laifin kowa ba ne a nan, don haka aka ce a yi hanya biyu. Abin da take so ta sani shi ne me ya hana ta biyun ɗauka. Ranar Alhamis za ta dawo ta gwada da idonta, ta rubuta rahoto. Wanda laifin ya faɗa kansa za a cire shi daga jerin waɗanda hukuma ta yarda su taɓa cibiyoyinta, har shekara biyu.

Manaja ya ja aljihun tebur ya fito da fayil kamar wanda ya tsinci dami.

"Ranki ya daɗe, ba sai kin wahala ba. Farantin nan ba ya aiki. Ga shi duk wata Injiniya yana kawo mini rahoto. Watan jiya kaɗai sau ɗari biyu da goma sha huɗu ya yanke. Ko ba haka ba, Injiniya?"

"Haka takardar ta nuna," in ji Injiniya.

"Ina bayanin da rautar ta rubuta na safiyar Litinin?" in ji mai binciken.

"Ya goge da na zare wuta."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta rubuta wani abu, ta ɗauki fayil ɗin.

Takardun ba ƙarya suke yi ba. Farantin yana yankewa. Abin da ba su faɗa ba shi ne wanda ke yanke shi.

Rauta da abokan hulɗarta biyu, na'urar kamfanin waya da ta kamfanin faranti, gaisawa suke yi a kai a kai. Kana nan? Ina nan. Kowane aboki akwai lokacin da aka ɗiba masa; in ya yi shiru ya wuce wannan lokacin, rauta ta ɗauka ya mutu, ta koma wa ɗayan. Injiniya kuma ya gano wani hali nata da kansa, ba a littafi ba. In hanyoyi biyu suka zo mata daidai wa daida, tana riƙe wadda ta fi daɗewa tare da ita ba yankewa. Tsohon aboki take so. Ranar da ya gano haka har dariya ya yi shi kaɗai a ɗakin.

Sai ya shiga wajen agogon da ke ƙirga wannan shirun. Ya ba waya sakan ɗari da tamanin, minti uku cur, ta yi shirunta ba mai tuhumar ta. Faranti kuwa ya ba shi sakan uku. Iska ta kaɗa, ruwa ya sauko, sama ta ɗan yi nauyi, gaisuwa ta makara, an yanke shi. In ya dawo ya dawo a matsayin baƙo, ya koma bayan layi. Ta haka waya ta zama tsohuwar abokiya kullum. Ranar Litinin farantin yana nan da ransa, yana gaisuwa ba fashi. Rauta ce ta tsaya tana zuba saƙon mutane cikin tsinkakkiyar waya, tana jiran minti ukun da aka ce ta jira.

Ya sha gaya wa kansa cewa waya ta fi sauri, don haka ya yi. Ta fi saurin. Amma ba shi ne dalili ba. Kamfanin farantin na ƙaninsa ne, Auta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Shi ya riƙe Auta bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya koya masa riƙe sukundireba, shi ya fara ɗora shi kan tsani. Shago ɗaya suke har Auta ya tafi kwas na wata shida ya dawo da takarda. Wata rana suna aiki a wani otal, mai otal ɗin yana tsaye a kansu, Auta ya leƙo allon ya ce, "Yaya, ba haka ake yi ba." Shi ke nan. Ba zagi, ba faɗa. Da suka fito Injiniya ya ce masa ya kwashi iliminsa ya kai inda ake bukata. Shekara huɗu ke nan. In sun haɗu a ɗakin mahaifiyarsu sukan gaisa, gaisuwa busasshiya, kowa ya dubi bango. Da manaja ya ɗauko kamfanin Auta ba tare da ya tambaye shi ba, Injiniya bai ce uffan ba. Ya dai rantse a ransa ko harafi ɗaya na cibiyarsa ba zai bi ta farantin yaron nan ba.

Yanzu cibiyoyi shida Auta ke ba layi, su ne ƙashin bayan aikinsa, ga mutum huɗu suna ci a ƙarƙashinsa. In aka cire shi daga jerin, sai dai ya sauke farantansa.

Da yamma matarsa ta ajiye masa shayi a tsakar gida, ta dawo ta tarar ya yi sanyi.

"Baban yara, yau shayin ma ka ba shi hutu?"

"Aiki ne."

"Aikin da ya hana ka faɗa da mai labarai a rediyo? Yau ka bar shi yana ta magana shi kaɗai."

Sai ya gaya mata. Bai yi mata bayanin agogo ba, ya san za ta ce ya bar ta da lambobinsa. Ya ce kawai akwai laifin da yake nasa, kuma in ya kama bakinsa zuwa Alhamis, kan Auta zai faɗa, ba wanda zai taɓa sani.

Ta ɗauki kofin ta zubar da shayin a gindin bishiya.

"Ba wanda zai sani," in ji ta. "To ni da ka gaya wa fa, kujera ce? Kuma ranar Juma'a za ka je gaida Mama, ta tambaye ka me ya sami ƙaninka. Ina so in ga fuskar da za ka ɗauka ka je da ita, don wannan ba za ta yi ba."

"Ke ba ki san abin da ya yi mini ba."

"Na sani mana. Ya gyara maka kuskure a gaban mai otal. Mai otal ɗin ya sayar da otal ɗin ya bar gari, kai kana nan kana riƙe masa da maganar."

Ranar Laraba da hantsi ya hau babur ɗinsa ya nufi bayan tasha. Ofishin Auta yana saman shagon masu faci, a hau ta wata ƙunƙuntar matattakala mai warin roba. Bai taɓa taka ta ba. Ya tarar da shi zaune a ƙasa cikin naɗe-naɗen waya, yana matse kan kebul da filaya. Ya yi ƙiba, har sanƙo ya fara masa irin na mahaifinsu.

Auta ya miƙe da sauri, filayar ta faɗi.

"Yaya? Lafiya? Mama ce?"

"Mama lafiyarta lau. Zauna."

Ba wanda ya zauna. Injiniya ya dubi taga, inda dogon ƙarfen yake tsaye da farantai a jikinsa.

"Farantinka bai mutu ba ranar Litinin."

"Na sani."

"Yankewar nan da yake yi kullum, ni na..."

"Sakan uku," in ji Auta. "Na sani, Yaya. Ni talatin na sa a nawa gefen. Amma in na'ura biyu suka gaisa, ƙaramar lamba suke ɗauka su yi aiki da ita. Da farko na ɗauka kayana ne. Sau biyu na hau ƙarfen nan, na sauya faranti sabo fil. Sai na zauna na duba allona da kyau, na ga uku. Na san ba daga sama ta faɗo ba."



"Tun yaushe?"

"An fi shekara."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Na taɓa ce maka ba haka ake yi ba. Ka ga abin da na samu." Auta ya sunkuya ya ɗauki filayarsa yana juya ta. "Na ce in dai iyakar abin ke nan, kana so a ce farantina ba shi da kyau, to a ce. Ban san me ka ba waya ba, wannan ba ya fitowa a wajena. Nawa ka ba ta?"

"Ɗari da tamanin."

Auta ya rufe ido.

"Minti uku. A ɗakin da minti biyu ke kashe mutum. Da na san haka da na zo, ko da tsintsiya za ka kore ni. Shirun nan nawa ma laifi ne."

"Matar nan ta nemi bayanin na'urarka?"

"Ta nema jiya. Yana cikin aljihun teburin can. Na ce mata ina nema."

"Ka ba ta."

"In na ba ta kai za a cire."

"In ba ka ba ta ba kai za a cire, da mutanenka huɗu. Wannan lissafin ko ni mai aji huɗu na iya shi. Kai da takardarka me kake jira?"

 A ƙasa mai faci yana ta bugun taya. Injiniya ya ja wata kujerar roba, ya zauna, ya ciro kwamfutarsa daga jaka ya buɗe ta a cinya. 

"To faɗa mini."

"Me?"

"Yadda ake yi."

 Auta ya durƙusa a gefen kujerar, yadda yake yi yana yaro in ana buɗe rediyo.

"Agogon nan ba wajen nuna wanda ka fi so ba ne, Yaya. Aikinsa ya faɗi tsawon lokacin da za ka tsaya kana sallama a ƙofar da ba kowa. In waya ka fi so, kuma tana da gaskiyarta, ta fi ni sauri, akwai inda ake rubutawa ƙarara. Ga shi nan. Waya ɗari biyu, faranti ɗari. Babbar lamba ita ce gaba. Muddin waya na da rai ita za a bi, ba ruwan kowa da wanda ya daɗe. Sai ka ba mu agogo iri ɗaya, sakan goma sha biyar. Wanda ya yi shiru ya wuce haka, a bar shi, ko ɗan wane ne."

Injiniya ya karanta layin sau biyu, yana bin sa da yatsa.

"Layi ɗaya? Wata shida ka yi a makaranta don layi ɗaya?"

"Akwai na biyu. Shi ya ci wata biyar ɗin."

Dariyar ta kuɓuce masa ta hanci kafin ya tare ta.

Ranar Alhamis su huɗu suka cika ɗan ɗakin rautar: mai bincike, manaja, Injiniya, da Auta riƙe da takardarsa. Kafin matar ta buɗe jaka Injiniya ya yi magana. Bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi lambobin da ya sa, da ranar da ya sa su, da abin da suka jawo. Manaja yana ta taka masa ƙafa a ɓoye, har ya gaji ya janye.

"Me ya sa ka yi haka?" in ji mai binciken.

"Ƙanena ne. Muna 'yar tsama."

Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ga hanci iri ɗaya. Ba ta ƙara tambaya a kan haka ba.

"Ka san abin da zan rubuta?"

"Na sani. Ki rubuta daidai."

Ta ce a gwada. Ta kai hannu za ta zare wayar daga bayan rauta, Injiniya ya ce ta dakata.

"In kika zare nan, nan take za ta gane, fitila za ta mutu, ta juya. Wannan ba gwaji ba ne, kowa zai ci. Ranar Litinin daga nesa aka tsinke, fitila tana kore. Ki zare daga bayan akwatin kamfani, wancan na bango."

Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon ranar Talata, amma wannan karon ta ɗan jima. Ta je bango ta zare, ta danna agogon wayarta. Ɗakin ya yi tsit sai ƙarar fanka. Manaja yana motsa baki ba sauti. A sakan na goma sha huɗu lambobin suka ci gaba da gudu a allo, ta faranti. Ta mayar da waya, rauta ta koma mata ba gardama. Sau uku ta gwada.

"Cibiya ta ci," in ji ta. "Mutum arba'in da ɗaya za su sake zama ranar Asabar ta sama. Kamfanin faranti ba shi da laifi." Ta miƙo hannu. "Katinka."

Ya ciro shi daga wuya, katin hukuma mai hotonsa da igiya shuɗiya wadda ta koɗe, ya ɗora mata a tafin hannu. Lambar sirrin rauta kuma ya rubuta a takarda ya ba manaja, wanda ya karɓa kamar an ba shi garwashi.

A bakin ƙofa Auta ya ce, "Yaya, ina da farantai tara da za a ɗaura a gidaje da shaguna, ba ruwansu da hukuma. Yarana in sun ɗaura, iska ɗaya ta juya su. Ban ga mai ɗauri irin naka ba."

"Kada ka yi mini daɗin baki."

"To ban yi ba. Za ka zo?"

"Wa zai riƙa ba da umarni?"

Auta ya sosa sanƙonsa. "Ni."

Injiniya ya buga babur ɗinsa, ya ƙi tashi, ya sake bugawa.

"Ƙarfe nawa?"

Ranar Asabar ɗin da aka sake jarrabawar, yana saman rufin wani kantin magani a tsallaken titi, rana tana dukan ƙeyarsa, gwiwoyinsa suna tuna masa shekarunsa. Daga nan yana hango ƙofar cibiyar da ba shi da izinin shiga. Wajen azahar mutane suka fara fitowa. Ya hango ungozomar nan, ta tsaya a baranda tana gaya wa wani labari a waya, hannunta ɗaya yana ta yawo a sama, tana dariya. Ba ta ɗaga kai ba, shi ma bai kira ta ba.

Wayarsa da ke maƙale a kafaɗa ta yi magana.

"Hagu kaɗan, Yaya. A'a, ya yi yawa. Dawo."

"Ka tsai da magana ɗaya mana."

"Nan. Ɗaure nan."

Ya ɗaure. Shekara biyu aka yanke masa, yana da hamsin da uku a duniya, ya koma kan tsanin da ya sauka shekara goma da suka wuce, ƙaninsa yana gaya masa hagu da dama. Ya ci kwana tara a cikin shekara biyun. Ya goge hannu a wando, ya ɗauki sifana, ya nemi matakin farko da ƙafa.